Likkafanin da Teku Ta Dawo da Shi, Ni Na Ɓoye

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin wasu daga cikin mutanen da ke cikin wannan labari suna nan da ransu a Jidda.

Ranar wata Talata ce a cikin watan Rajab, da misalin ƙarfe shida da rabi na safe. Wurin shi ne bakin teku a kudancin Jidda, inda masunta ke sauke kifi, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga cikin gari. Mu biyu muka je, ni da abokin aikina, wani Bahaushe haifaffen Jidda mai motar a-kori-kura. Mun tarar da masunta bakwai ko takwas, amma babu wanda ke ta kifi a cikinsu. Kowa ya naɗe ƙafar wando, yana cikin ruwa yana jan kaya.

Sai na faɗi ko ni wane ne a lokacin kafin a fahimci abin da na yi. Na shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a gida, ina fassara, wani lokaci kuma in karanta. Da aka rage ma'aikata aka haɗa da ni. Na zo Umara da niyyar kwana ashirin, ban koma ba. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk wanda ya yi irin wannan zaman ya san yadda mutum ke koyon bin gefen titi da sauya hanya in ya hango motar jami'ai. Ina da ɗaki ɗaya a unguwar Sa'alaba. Da safe ina bin abokin nan nawa mu sayo kifi mu rarraba wa masu gidajen abinci a Bani Malik da Ammariyya. Da yamma kuma ina da wata sana'ar, wadda da ita aka fi sanina, wato rubutu a jikin barmil.

Barmil shuɗiyar gangar roba ce mai murfi da zoben ƙarfe, wadda mutanenmu ke cikawa da kaya in za su aika gida. A shekarun nan hanyar Sudan a buɗe take. Dillalai su karɓi barmil su sa shi a jirgin ruwa, daga can a ɗora shi a mota ta Chadi har Kano, wata uku ko huɗu yana hanya. Yana bin hannun mutane da yawa, wasu Larabci kawai suke karantawa, wasu boko kawai. Saboda haka abin da ke kai barmil gida shi ne rubutun da ke jikinsa. Ni kuwa ina da hannu mai kyau a duka biyun. Da farin fentin mai da ɗan ƙaramin buroshi nake yi, in rubuta sunan mai karɓa da garinsu da lambar waya a wuri uku, a murfi da gefe biyu. Ina alfahari da aikin, ban ɓoye ba. Duk wanda ya zauna a Sa'alaba a wannan lokacin ya san rubutuna daga nesa.

A ƙofar gidan da nake haya akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Haɗeja mai suyar ƙosai da dama kunu. Zan kira ta Hajiya, kamar yadda kowa ke kiran ta. Ta zo aikin Hajji da mijinta fiye da shekara ashirin da biyar kafin zuwana, suka zauna. Mijin ya rasu a shekara ta uku, aka binne shi a Makka. Sun baro 'ya ɗaya a gida hannun ƙanwar Hajiya tana da shekara shida, kuma a lokacin da nake magana 'yar ta haifi huɗu, waɗanda kakarsu ba ta san su ba sai ta waya. Makon da na sauka unguwar ban san kowa ba, Hajiya ce ta kalle ni ta ce wannan fuskar ba ta karya kumallo ba, ta miƙo min kofin kunu. Haka ta riƙa yi har na samu abin yi. Da ta ji aikin da na baro sai ta sa min suna Mai Labarai. Kullum na zauna a bencinta sai ta ce to, Mai Labarai, a karanto mana kanun labarai, yau wa aka kama, wa ya auri wa. In na gyara murya na ce ga labaran duniya daga bakin kasko, takan yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi.

A shekarar da abin ya faru hukuma ta ba da sanarwar afuwa, cewa duk wanda ba shi da takarda zai iya fita ƙasar cikin wani wa'adi ba tare da hukunci ba. Hajiya ta ce wannan karon za ta tafi. Ita da wata maƙwabciyarta 'yar Damagaram, wadda suke ɗaki ɗaya, suka yi kwana uku suna cika barmil da abayoyi da dardumai da turare da dabino da kayan jikoki. Da aka kira ni rubutu, kafin a rufe murfi, ta ɗauko wani ƙunshi a cikin koren ƙyalle ta ɗora a sama. Ta ce in san abin da zan rubuta wa suna, wannan likkafaninta ne. A shekarar Hajjinsu ita da Alhaji suka sayi farin alawayyo yanki ɗaya a Makka, suka wanke shi da zamzam da hannunsu, suka shanya, suka raba biyu. Shi an sa shi a nasa. Wannan ne rabinta. Na ce mata abu irin wannan ai a hannu ake riƙe shi, ba a aika shi a jirgi. Ta ce ita ta san halinta. Sau uku tana shirin komawa gida, sau uku zuciyarta na karyewa, don ba ta san da wane ido za ta kalli 'yar da ta bari tana da shekara shida ba. Amma in likkafaninta ya riga ta isa Haɗeja, dole ta bi shi, don babu mai hankalin da zai zauna a wata ƙasa likkafaninsa na wata. Da na gama rubutun ta tambaye ni ko fentin zai jure hanya. Na ce mata ko teku ba za ta goge shi ba. Ta ɗaga ludayi kamar za ta make ni, ta ce Allah ya shirye ka Mai Labarai, wa ke ambaton teku a gaban wanda kayansa za su hau jirgi.

Kwana tara bayan haka muka ji cewa wani ƙaramin jirgin kaya, wanda aka ce an yi masa lodi fiye da kima, ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa ba da nisa da tashar jiragen ruwa ta Jidda ba. An ceto ma'aikatansa duka. Kayan da ke samansa kuwa suka watse, iska ta koro su kudu. Su ne muka tarar a safiyar Talatar nan. Kwalaye sun jiƙe sun fashe, ga katifu, ga takalma warin ƙafa ɗaya-ɗaya a kan yashi. Barmil kuwa, da yake a rufe yake ruf, yana yawo a kan ruwa lafiya lau. Abokina, wanda ke kira na ustaz in yana zolaya, ya ce yalla ya ustaz, yau teku ta yi mana kyautar da ta fi kifi. Na ce masa kayan mutane ne. Ya ce kayan mutane ne jiya, yau na teku ne, abin da teku ta tofo kuwa halal ne, kuma in ba mu ɗauka ba ga waɗanda za su ɗauka nan a gabanmu. Muka ɗora uku a mota. Na huɗun ni na shiga ruwa na gangaro shi, yana juyawa sai ga rubutuna, fari tas, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Sunan 'yar Hajiya, da Haɗeja, da lambar waya.

Ina so in faɗi gaskiyar abin da na ji a wannan lokacin, domin shi ne ya fi damuna yanzu. Murna na yi. A mota na gaya wa abokina cewa na Hajiya ne, ya ce Allahu akbar, ya ce tun yana saurayi yake cin ƙosanta. Muka yi ta kwatanta yadda za ta yi in ta gan shi. Da muka shigo gari muka sauke kayan a sitonsa.

A siton ne ya ce in zauna mu yi tunani. Ya ce in muka kai wa Hajiya barmil ɗinta da hantsi, kafin azahar duk Sa'alaba ta ji, don Hajiya sai ta soya ƙosan sadaka ta yi guɗa. Duk wanda ke da kaya a jirgin zai zo ƙofarsa, kuma za a tambayi sauran ukun. Muna cikin haka saƙo ya fara yawo a wayoyi cewa jami'an tsaron gaɓar teku sun rufe wurin, sun ce kayan jirgin na masu su ne, ɗaukar su laifi ne, kuma an riga an tsare wasu masunta da aka samu da kaya. Fuskar abokina ta canza. Shi a Jidda aka haife shi, mahaifinsa ma haka, amma ba ɗan ƙasa ba ne, iƙamarsa duk shekara ake sabunta ta. Laifi ɗaya ya isa a kore shi. Hausarsa ma in ransa ya ɓaci sai ta koma Larabci rabi da rabi. Ya riƙe hannuna ya ce wallahi ya akhi, ina za su kai ni, Kano? Ya ce ko ƙofar gida ɗaya bai sani ba a can, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Ya ce ni ma in na tunkari jami'ai da barmil ba takarda, kaina na kai musu. Mako ɗaya kawai ya roƙa, har maganar ta lafa. Na amince.

Sai ya ce saura abu ɗaya. Rubutun nan shi ne haɗarin, don duk wanda ya leƙo siton zai gane hannuna, ya kuma gane na wa ne. Ya miƙo min tsumma da kwalbar fetur. Na fara bayan la'asar, ban gama ba sai dab da magariba. Fentin mai kyau ne, kamar yadda na gaya mata. Ya yi kwana biyu a ruwan gishiri bai motsa ba, ni na durƙusa na kankare shi a wuri uku, na fara da lambar wayar.

Daga ranar da aka goge suna, barmil ɗin ya zama kamar kowane barmil. Kafin makon ya cika abokina ya buɗe duka huɗun, ya gauraya kayan, ya riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan zuwa kasuwar gwanjo. Ya ce ajiye su ya fi sayar da su haɗari. Abin da ya ba ni daga ciki ban ƙi karɓa ba. Koren ƙunshin ne kaɗai ya ƙi taɓawa. Da na gaya masa ko mene ne sai ya ja da baya ya ce a'uzu billahi, in fitar masa da shi daga sito. Na duba, ko ɗigon ruwa bai shiga ba, ƙamshin turaren da ta sa masa yana nan. Na kai shi ɗakina na sa a ƙasan akwati, bene ɗaya tsakaninsa da inda take suya.

Dillalin da ya karɓi kayan ya shaida wa mutane cewa komai ya nutse, kuma asarar teku ba ta kansa. Masu takarda kaɗan suka je suka shigar da ƙorafi. Irin su Hajiya ba su da inda za su je. Washegarin ranar da muka ɗauko barmil ɗin na sauko na same ta ta hura wuta kamar kullum. Ta zuba min kunu, ta ce Mai Labarai, yau ni ce labarin. Ta ce abayoyi da turare ba su dame ta ba, Allah ya ba kifaye su yi ado. Amma ta kwana tana tunanin likkafanin, ta kuma gane abin da ake nuna mata. Ta aika shi ya ja ta gida, Allah ya tsayar da shi a hanya, to ƙasar da za ta rufe ta a nan take, kusa da Alhaji. Ta riga ta kira 'yarta ta ce kada a jira ta. Na ce mata alawayyo bai ƙare a kasuwa ba, zamzam ma haka, ni da kaina zan kawo mata ta wanke wani. Ta ce kai da iliminka, wancan da na Alhaji yanki ɗaya ne, wane kanti ne zai sayar mata da wannan. Daga nan ta yi abin da har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. Ta ba ni haƙuri. Ta ce ta lura tun jiya ba na iya kallon ta, kada in sa a raina cewa maganar da na yi ta teku ce ta jawo, wasa take yi da ta ɗaga min ludayi, bakin mutum ba ya kifar da jirgi.

Mako ya zama wata. Wa'adin afuwar yana ta raguwa, mutane suna ta sallama suna tafiya. Na tsara hanyoyi da dama a raina. Na ce in ajiye ƙunshin a ƙofarta in gudu, sai na ga za ta tara unguwa tana tambaya. Na ce in gaya mata wani masunci ne ya ba ni, sai na ga za ta ce in kai ta ta yi masa godiya, ta kuma tambaye shi sauran. Kowace ƙarya na ɗauko sai in ga tana bukatar wata a bayanta.

Wata Juma'a na je wani masallaci a Bani Malik inda ba a san ni sosai ba, na tsaya bayan salla na tambayi wani malami ɗan ƙasarmu. Na ce wani abokina ne ya tsinci kaya a bakin teku. Ya tambaye ni ko akwai alamar mai su a jiki. Na ce akwai suna da lambar waya. Ya ce to wannan ai ba tsintuwa ba ce, amana ce ta faɗo hannunsa. Tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba, ita ma sai an yi cigiyarta shekara guda kafin a taɓa. Ya ce abin da aka halatta mana na teku shi ne kifinta, ba dukiyar Musulmin da jirginsa ya kife ba, kuma ruwa ba ya wanke mallaka daga jikin kaya. Na ce abokin nawa yana tsoron hukuma. Ya ce tsoron hukuma uzuri ne na ƙin zuwa wurin hukuma, ba uzuri ba ne na ƙin zuwa wurin mai kaya. Ya kama kafaɗata ya ce in gaya wa abokin nawa ya hanzarta, don masu kaya ba sa dawwama. Yadda ya kalle ni na san bai yarda akwai wani aboki ba.

A nan ne ya kamata in daina jingina laifin ga abokin aikina. Bayan wata biyu shi da kansa ya ce min halas, maganar ta mutu, an saki masuntan, in yi abin da na ga dama da ƙunshin, iyaka kada in ambaci sitonsa. Ba sauran wanda nake karewa. Saura kwana biyar wa'adin afuwa ya cika na sa ƙunshin a jaka na sauko da hantsi, lokacin da masu saye suka ragu. Na zauna a bencinta, jakar tana kan cinyata. Ta ce Mai Labarai yau da jaka, ko kai ma tafiya za ka yi ka bar ni. Na ce a'a, kayan wanki ne. Ta ce in kawo maƙwabciyarta ta haɗa da nasu, ta miƙo hannu. Na janye jakar na ce ba komai, zan kai wa mai wanki. Na sha kununa, na karanta mata kanun labarai, ta yi dariya, na hau sama na mayar da shi ƙasan akwati. Ba kora daga ƙasa nake tsoro ba a ranar. Ina tsoron matar da ta ciyar da ni ta san cewa hannun da ya rubuta sunan 'yarta shi ne ya goge shi. Na zaɓi ta ci gaba da ganina da mutunci, ita kuma ta rasa hanyar gida. Wa'adin ya cika ba ta tafi ba.

Ta ƙara shekara ɗaya da wata biyu. Ƙafafunta suka fara kumbura, suya ta koma hannun maƙwabciyarta, ita tana zaune a gefe tana karɓar gaisuwa. Ta rasu wata Alhamis da misalin ƙarfe tara na safe, a ɗakinsu. Samun izinin binne wanda ba shi da iƙama yana ɗaukar lokaci, dattawan unguwa suka yi ta zirga-zirga har kwana biyu. Ina so masu karatu su lura da wannan. Kwana biyu cur aka ƙara min. Sau uku ina sauka da jakar, sau uku ina tarar da ɗakin cike da mata masu zaman makoki, in yi ta'aziyya in juyo.

Ranar Asabar aka ce za a yi mata salla bayan azahar. Na isa ɗakin wankan gawa da ke jikin masallacin da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, na aika a kira min maƙwabciyarta. Ta fito hannayenta a jiƙe. Na miƙa mata ƙunshin. Ita ce ta taya Hajiya cika barmil ɗin, saboda haka ko kwance shi ba ta yi ba, ta ɗaga gefen koren ƙyallen kawai ta shinshina. Ba ta tambaye ni inda na samo shi ba. Ta tambaye ni tun yaushe yake hannuna. Na ce tun makon da jirgin ya kife. Sannan ta ce sun gama ɗaure ta minti goma da suka wuce, a cikin likkafanin da masallaci ke bayarwa sadaka, kuma ba za su kwance baiwar Allah su sake tona ta ba don in samu sauƙi a raina. Ta ce ko a darenta na ƙarshe sai da Hajiya ta ce a ajiye wa Mai Labarai kunu, bai sauko ba yau. Ta mayar min da ƙunshin a hannu ta koma ciki ta rufe ƙofa. Na bi sallar gawar a sahu na biyu, jakar tana tsakanin ƙafafuna.

Maƙwabciyar ba ta gaya wa kowa ba, iyakar sanina. Ba ta kuma sake amsa gaisuwata ba har ta bar unguwar. Na daina bin motar kifi, na daina rubutu a jikin barmil. In an tambaye ni nakan ce idona ne ya raunana.

Na yi shekaru ina juya abin, ga kuma abin da na fahimta. A bakin teku ranar nan babu wanda ya ɗauki kansa ɓarawo. Kowa gani yake kaya ne marasa mai su, alhali kowane ɗaya da sunan mutum a jikinsa. Masu manyan kaya a manyan jirage suna da inshora da lauyoyi. Kayan da ke yawo a barmil na masu shara ne da masu suya da masu gadi, mutanen da suka tara shi shekara da shekaru, waɗanda kuma ba su da ƙofar da za su buga in ya ɓace. Na ba da labarin barmil ɗaya don na san mai shi. Sauran ukun sunayen mutanen Sudan ne a jikinsu, da Larabci, su ma da lambobin waya. Ban san abin da ke cikinsu da ba shi da madadi ba, ban san wa ya fasa wace tafiya saboda su ba, kuma yanzu ba ni da hanyar sani.

Ga 'yan'uwana mazauna ƙasar nan da sauran ƙasashen da ke bakin ruwa, musamman marasa takarda, ina roƙon ku. In kun tarar da kayan jirgi a gaɓa, mafi aminci ku bar su inda suke, don dokar ƙasa ta ɗauke su dukiyar masu su, addini ma haka. In har kun riga kun ɗauka, kada ku taɓa rubutun da ke jiki. Ban raina tsoron jami'ai ba, na rayu a cikinsa. Amma akwai limamin unguwa, akwai dattawa masu iƙama da za su iya miƙa kayan a madadinku, akwai kuma lambar waya a jikin kayan, kira ɗaya ya isa. Kada kuma ku yarda da mako ɗaya. A ranar farko abin da zan faɗa wa Hajiya albishir ne. A mako na biyu ya zama bayani. Bayan wata biyu ya zama tonon asirin kaina, kuma kullum nauyinsa ƙaruwa yake yi har na kasa ɗaga shi. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ni kuma ina neman gafarar Allah, ko da yake na san haƙƙin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma mai haƙƙin ta tafi ba ta san akwai abin da za ta yafe ba.

Bayan Hajjin da ya biyo baya na samu wani alhaji ɗan Haɗeja mai komawa ta jirgin sama. Na ba shi ƙunshin da wasiƙa mai shafi huɗu, wadda na faɗi komai a cikinta ban rage ba, na sa lambar wayata a ƙasa. Sunan 'yar da lambarta ban nema wurin kowa ba, ina da su a ka. Saƙon ya isa cikin kwana shida. Alhajin ya ce ta karanta wasiƙar a tsaye a zaure, ta rungume ƙunshin ta shiga gida. Shekara biyu ke nan, ba ta kira ba.